Shayin La'asar A Saman Birnin Landan

Ƙannenmu da ke gida sun fi saninmu ta hoto. Duk wanda yake da wa ko ya da ke karatu a Ingila ya san irin hotunan da muke nufi: ga mutum ya ci ado yana murmushi, gabansa faranti uku an jera wani kan wani cike da kayan zaƙi, a hannunsa kofin gilashi mai dogon wuya, bayansa kuma ta taga ga gari shimfiɗe kamar tabarma. Ba a minti biyar da ɗora hoton a WhatsApp sai saƙonni su fara shigowa. Wani ya ce, "Yaya, kun haye." Wata ta ce, "Anti, a riƙa tunawa da mu." Mu ma mun ɗauki irin wannan hoto, shi ya sa muka ga ya dace mu warware muku shi, mu faɗi abin da ke cikin farantin da kofin, da nawa aka biya, da inda kuɗin ya fito.

Mu biyar ne 'yan Arewa da muka haɗu a jami'a ɗaya a Landan, maza uku mata biyu, muka yi digiri na biyu daga Satumbar 2023 zuwa Satumbar 2024. Wanda ya biya kuɗin makaranta a ƙasar waje a wannan shekara ba zai manta da ita ba. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin mu yi nisa da karatu fam ɗaya ya haura naira 2,000. Lissafin da iyayenmu suka yi kafin mu taso ya rushe gaba ɗaya. Bizar ɗalibi kuwa awa 20 kawai ta yarda mutum ya yi aiki a mako idan ana cikin zangon karatu. Biyu daga cikinmu suna ɗaukar kwalaye a wani sito da dare, ɗaya tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ɗaya yana jera kaya a kanti, ɗaya kuma tana koyar da yara lissafi. Abincinmu bai wuce taliya da shinkafa da wake ba, sai ranar da aka samu sarari a tuƙa tuwon semo.

Ranar da muka miƙa kundin bincikenmu, wata Baturiya 'yar ajinmu ta ce ai ba za a watse haka kawai ba, sai an yi shagali irin na mutanen ƙasar. Ta ba da shawarar a je shan shayin la'asar a wata mashaya da ke saman wani dogon bene a tsakiyar birni, sama da hawa 30. Ta turo mana tsarin wurin. Mutum ɗaya fam 60, za a ba shi shayi iya shansa, da kayan ci, da kofi ɗaya na haɗin da suke kira koktel.

A daren nan kicin ɗinmu ya zama majalisa. Ba kuɗin ne ya fara tayar da gardama ba, sunan wurin ne. Mashaya dai mashaya ce, ko tana ƙasa ko tana cikin gajimare. Ɗaya daga cikinmu ya ce shi ba za shi ba, ya tuna mana hadisin da ya yi hani ga zama a teburin da ake kewayawa da giya, ya ce bai ga abin da zai kai shi ba tun da ba dole aka yi masa ba. Wata ta ce shekara guda muka yi da mutanen nan, sun ci abincin sallarmu, sun jira mu mun yi sallah a tsakiyar aikin rukuni, ba ta son a rabu a kan ƙin amsa gayyata. Aka yi ta ja har kusan ƙarfe ɗayan dare. Daga ƙarshe muka tsaya a kan cewa za mu faɗa wa 'yan ajinmu gaskiya tun kafin ranar: za mu zo idan ba za a kawo giya teburinmu ba, kuma za mu tashi kafin magariba, lokacin da wurin ke komawa mashaya sosai. Mun yi zaton za a ji nauyin maganar. Amsar da Baturiyar ta turo layi ɗaya ce, ta ce babu damuwa, ita ma washegari tana da aiki da sassafe. Ɗan uwanmu na farko bai sauya ra'ayi ba, mu kuma ba mu matsa masa ba. Mu huɗu muka tafi, tare da 'yan ajinmu uku.

Wurin yana da dokar sutura, ba a shiga da kayan motsa jiki. Mazanmu suka sa kaftani da hula, matanmu atamfa da mayafi, mai gadin ƙofa ya duba sunanmu a kwamfutar hannunsa ya nuna mana lif. Kafin a ce kwabo kunnuwanmu sun toshe kamar a jirgin sama, ƙofa ta buɗe, muka ga garin.

Gani ya kori ji. Kogin Tems ya lanƙwasa a ƙasanmu, jiragen ruwa a kansa kamar ƙwaryar da yara suka saka a kududdufi. Ga gadar Tower Bridge da aka buɗe a 1894. Ga ƙubbar majami'ar St Paul, mai tsawon mita 111, wadda ta shafe fiye da shekara 250 babu ginin da ya fi ta tsawo a Landan, yau kuwa mu ne muke leƙen ta daga sama. A tsallaken kogi ga Shard ya soki sama kamar tsinken gilashi, kusan mita 310, wanda wani mai zanen gini ɗan Italiya, Renzo Piano, ya tsara, aka ƙaddamar da shi a 2012. Mafi yawan hannun jarin ginin na ƙasar Katar ne. Muka yi ta neman unguwarmu ba mu gan ta ba, ta yi nisa, tana can inda jirgin ƙasa yake kusan ƙarewa.

Muna zama aka kawo takardar zaɓen shayi, kala sama da goma. Mu da muka saba da mai shayi ya tambaye mu "da madara ko babu?" sai ga mu ana tambayarmu Assam ko Darjeeling ko Earl Grey. Biyun farko sunayen yankuna ne a Indiya da ake noman ganyen. Na ukun baƙin shayi ne da aka ƙamsasa da man ɓawon wani irin lemo da ake kira bagamot. Kowa aka kawo masa butarsa da ɗan rariyar tacewa, domin ganye ne zube, ba na cikin 'yar jaka ba.

Al'adar kanta ba ta kai tsufan da muka zata ba. Ana danganta ta da Anna Maria Russell, uwargidan basaraken Bedford kuma aminiyar Sarauniya Victoria, a wajajen 1840. A zamanin, masu hali sun mayar da cin abincin dare har wajen ƙarfe takwas, sai yunwa ta riƙa damun baiwar Allah da la'asar. Ta sa a riƙa kawo mata shayi da burodi da man shanu da ɗan kek a ɗakinta, daga baya ta fara gayyatar ƙawaye. Abin da ya fara da rage yunwa ya zama wurin nuna sutura da kwanukan tangaran. Ma'aikatan masana'antu ma suna da nasu shayin, amma shi cikakken abincin dare ne da ake ci a babban teburi bayan an taso daga aiki, da nama ko kifi ko dankali. Na masu kuɗin a gajeren teburi ake shan sa ana jingine a kujerun falo. Namu teburin gajere ne, har gwiwa tana taɓa shi.

Farantan nan uku da kuke gani a hoto suna da tsari, daga ƙasa ake farawa. Na ƙasa yankakken burodi ne siriri kamar yatsa, an cire masa ɓawo, an sa kokwamba ko ƙwai ko kifi ko kaza a tsakiya. Na tsakiya wani curarren burodi ne mai ɗumi da suke kira sikon, ana raba shi biyu da hannu a shafa masa kirim mai kauri da jam. Na sama kuma kayan zaƙi ne, kowanne loma ɗaya. A kan sikon ɗin nan muka ga Turawa ma suna da irin gardamarmu ta wane gari ne ya fi iya kilishi. Baturiyar 'yar Devon ce, a wurinsu kirim ake fara shafawa sannan jam. Maƙwabtansu na Cornwall jam suke farawa da shi. Ta yi mana bayani da gaske, fuska babu wasa, kamar mai karanta doka.

Kafin mu taɓa komai sai da muka yi tambaya. Wannan shi ne abin da muka fi so ku riƙe. Tun lokacin da aka kama mana wuri muka sanar cewa ba ma cin naman alade, amma duk da haka muka sake tambayar ma'aikaciyar da ke kula da teburinmu. Burodin da aka saba sa wa naman alade an musanya mana shi da na cuku. Kazar ba yankan Musulunci ba ce, don haka muka bar wa abokan zamanmu, muka ɗauki na kifi da na ƙwai. A farantin sama ne aka fi samun abin da ido ba ya gani. Akwai kek ɗin da ake jiƙawa da giya, akwai kuma kayan zaƙi masu santsi da ake daskarar da su da jelatin, wanda sau da yawa daga fatar alade ake samun sa. Ta shiga kicin ta dawo da amsa ɗaya bayan ɗaya, aka canza mana guda biyu. Babu wanda ya kalle mu. A teburin da ke kusa da namu wata mata tana yi wa wani ma'aikacin tambayoyin da suka fi namu yawa saboda gyaɗa tana yi wa ɗanta illa. Yawancinmu mun taso da tsoron kada a ce mana 'yan ƙauye, sai mutum ya haɗiye abin da bai sani ba don kunya. A can kuwa wanda ya san darajar cikinsa shi ne mai tambaya, kuma matambayi ba ya ɓata.

Sai aka zo kan koktel. Asalinsa haɗi ne na barasa mai ƙarfi da sukari da ruwa da wani ɗigon magani mai ɗaci, haka wata jaridar Amurka ta fassara kalmar a 1806. Lokacin da Amurka ta haramta sayar da giya daga 1920 zuwa 1933, wasu gwanayen haɗin suka tsallako Turai da sana'arsu, manyan otal-otal na Landan suka karɓe su. Yau kusan kowace mashaya tana da jerin haɗin da babu barasa a ciki, wanda suke kira moktel. Shi muka zaɓa dukkanmu. Amma nan ma sai da muka tambaya game da ɗigon nan mai ɗaci. Wanda ya fi shahara shi ne Angostura, 'yar ƙaramar kwalba mai takardar da ta fi ta girma, kuma kashi 44.7 cikin 100 na abin da ke cikinta barasa ce. Wannan bayani ya shafe ku ko ba ku taɓa barin gida ba, domin Chapman ɗin da ake sha a wuraren biki da gidajen abinci a Najeriya, a asalin haɗinsa ana ɗiga masa Angostura. Wasu masu haɗawa suna sawa, wasu ba sa sawa. Wanda abin ya dame shi sai ya tambaya kafin a zuba.

Da kofunan suka iso, ɗaya daga cikinmu ta kurɓi nata, ja wur da ƙanƙara da ganyen na'ana'a a kai, ta ajiye, ta dube mu ta ce, "Wallahi zoɓo ne." Muka karɓa muka ɗanɗana. Zoɓo ne da citta da lemon tsami, sai ɗan ruwa mai gas. A takardar farashi, idan shi kaɗai mutum zai saya, fam 12 ne. Muka yi dariya har 'yan ajinmu suka nemi a fassara musu. Muka ba su labarin zoɓon da ake ƙullawa a leda a ƙofar makarantarmu ta firamare, da buhunan busasshen zoɓo da ake lodi daga Jigawa zuwa ƙasashen waje, musamman Meziko.

Wannan ya buɗe bakin wani ɗan ajinmu ɗan Kenya, mutumin Kericho, inda gonakin shayi suka rufe tuddai. Ya ce kaso mai yawa na shayin da Turawan Ingila ke sha kullum daga ƙasarsu yake zuwa, kuma kakarsa ta yi shekaru tana tsinkar ganyen da kwando a baya. Daga nan hira ta koma tarihi. Ingila ba ta da yanayin noman shayi mai yawa, daga Sin ta fara sayen sa. Gimbiyar Fotugal, Catherine ta Braganza, wadda ta auri Sarki Charles na 2 a 1662, tana cikin waɗanda suka sa shan sa ya zama abin yayi a fada. Da azurfar da ake biyan Sin ta yi wa 'yan kasuwar Ingila yawa, sai suka riƙa kai wa Sinawa ofiyom daga Indiya, ƙwayar da ta lalata mutane masu ɗimbin yawa, har ta kai ga yaƙin 1839 zuwa 1842. A 1848 Kamfanin Gabashin Indiya ya tura wani masanin tsirrai, Robert Fortune, ya shiga Sin a ɓoye ya fito da irin shayi da sirrin sarrafa shi zuwa Indiya. Sukarin da aka daɗe ana zubawa a kofin kuma, bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka noma rakensa a tsibiran Karibiyan. Baturiyar ba ta musa ko ɗaya ba, ta ce ita ma sai da ta shiga jami'a ta karanta mafi yawansa. Mu kuma muka gaya musu cewa muna da namu gonakin shayin a tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba, abin da ko ɗan Kenyan bai taɓa ji ba.

Awa biyu aka ba teburinmu. Saura kwata ma'aikaciyar ta kawo takardar biya a cikin ɗan faranti. A kan fam 60 an ƙara kashi 12.5 cikin 100 na ladan hidima, kamar yadda aka saba a gidajen abincin Landan, ya zama fam 67 da rabi kowane mutum. Ga lissafin da hoto ba ya nunawa. A lokacin mafi ƙarancin ladan aiki a Birtaniya ga wanda ya kai shekara 21 fam 11.44 ne a awa. Ke nan kowannenmu ya ajiye kusan awa shida na ɗaukar kwali ko wanke tsofaffi a kan teburin nan. Idan aka juya shi zuwa naira ya haura 135,000, a shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 a wata. Mun san da wannan tun kafin mu je, kowa ya yi makonni yana ware fam biyar, fam goma. Mun biya ba tare da cin bashi ba, kuma babu wanda ya taɓa kuɗin da aka turo daga gida.

Da ma'aikaciyar ta ji muna lissafi da awa sai ta yi murmushi, ta ce ita ma ɗaliba ce, daga Nepal, ita ma awa 20 ɗin take yi. Ta ce kullum tana tsaye a gaban tagogin nan amma ba ta tuna ranar da ta tsaya ta kalli garin ba. Muka tambaye ta ko ladan hidimar yana isa hannunsu. Ta ce ai daga 1 ga Oktoba wata sabuwar doka za ta fara aiki, wadda ta wajabta wa masu gidajen abinci su miƙa wa ma'aikata irin wannan kuɗi gaba ɗaya. A duk ɗakin nan, ita ce rayuwarta ta fi kama da tamu.

Wajen ƙarfe biyar aka fara kwashe butocin shayi, aka rage hasken fitilu, kiɗa ya ƙara ƙarfi, ma'aikatan bankuna masu kwat suka fara cika kujerun gaban kanta. Muka yi sallama da 'yan ajinmu kamar yadda aka yi alkawari. Muka sauko, muka nemi masallaci muka yi la'asar, biyu daga cikinmu suka wuce sito domin aikin dare.

A jirgin komawa gida muka yi ta kwatanta wurin da teburin mai shayin unguwa. A can sama sai ka kama wuri tun makonni kafin ranar, a auna maka lokaci, kuma ba ka san sunan wanda ke teburin kusa da kai ba. A wurin mai shayi benci ɗaya ne ga malamin makaranta da ɗan acaɓa da ɗan kasuwa, ana musun ƙwallo da siyasa har dare ya raba, wanda ba shi da kuɗi a rubuta masa a littafi. Ganyen kusan ɗaya ne. Abin da muka biya fam 67 da rabi a kansa shi ne tagar, da kujerar, da awa biyun da aka yi ana yi mana hidima maimakon mu yi wa wasu. Bayan shekara guda ta sanyi da rashin barci, mun ji daɗin awa biyun nan ƙwarai, kuma ba mu yi da-na-sanin zuwa ba. Ɗan uwanmu da ya zauna a gida shi ma bai yi da-na-sanin zamansa ba. Mun iske ya dafa shinkafa da miya ya ajiye mana, domin ya san loma-lomar masu sarauta ba ta ƙosar da Bahaushe.

Ku da kuke aji shida na sakandare ko kuke jami'a kuna mafarkin fita waje, ba muna kashe muku gwiwa ba ne. Ku nemi guraben tallafin karatu, ku gyara Turancinku, ku fita ku ga duniya, tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma idan kun ga yayanku a saman bene da kofi a hannu, ku tuna cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mai yiwuwa sau ɗaya ya hau a shekara, kuma daga nan wurin aikin dare ya wuce. Kada ku auna gidanku da hoton, kada ku matsa wa iyayenku su sayar da gona saboda shi, kada kuma ku ɗora wa mai hoton buƙatun da albashin awa 20 ba zai ɗauka ba. Idan kun kira shi, ku tambaye shi yaya karatu, yaya sanyi, yana samun barci kuwa.

Ranar da Allah Ya kai ku irin wannan wuri, a Landan ne ko Dubai ko Abuja, ku duba farashi tun kuna gida, ku faɗi abin da ba kwa ci da abin da ba kwa sha tun kafin a zauna, ku san lokacin tashinku. Abokan kirki ba za su ƙi ku don wannan ba. Allah Ya ba ku sa'ar jarrabawa, Ya sa karatun ya amfane mu baki ɗaya.